Wanda kotu ta taɓa ɗaurewa, a ba shi izinin riƙe bindiga?

Baban_Ummi_Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana na kawo, a tattauna cikin mutunci. Ni a ganina duk mutumin da kotu ta taɓa ɗaurewa kan fashi, ko sara, ko dukan da ya kai ga zubar da jini, bai kamata a sake ba shi izinin riƙe bindiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ko da ta farauta ce. Ban ce a hana kowa ba. Manomin da ke bakin daji da mai dabbobi suna da bukatarsu. Cewa na yi a tace, kuma matatar ita ce tarihin mutum. Da hukuma za ta riƙe wannan ɗaya da gaske, da fitinar nan ta ragu ƙwarai. Me kuka gani?

DanKusiri: Wa alaikumus salam. Alhaji, wane ɗan fashin ka taɓa gani ya sa babbar riga ya je ofishin su-firefe, wato jami'in mulki na gunduma, neman izini?

Tela_Marwa: Hhhh DanKusiri ka fara ke nan.

TsohonMagatakarda: Alhaji Baban Ummi, abin da kake nema ai yana nan a rubuce. Kamaru tana da dokar makamai da harsasai, lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Farar hula ba ya sayen bindiga ko riƙe ta sai da izinin hukuma, kuma ma'aikatar mulkin cikin gida ce ke da wuƙa da nama a wannan fanni. A cikin takardun da ake nema akwai kaziye, wato takardar shaidar ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wadda muke ce wa lamba 3, kuma wata 3 kawai take aiki. Bayan ita ana binciken halin mutum. To ka ga matatar tana nan. Sai dai a tambaya me take kamawa.

Ni na yi aikin takardun kotu shekaru masu yawa kafin na yi ritaya. Kaziye ba ta san abin da mutum ya aikata ba. Abin da ta sani shi ne abin da alƙali ya yanke, aka rubuta, aka aika kotun garin da aka haifi mutum, wani ya buɗe rajista ya shigar. Kowanne daga cikin waɗannan matakai maganar tana iya faɗuwa a hanya. Na sha ganin takardar hukunci ta yi shekara a ƙasan tarin fayil, ɓera ya ci gefenta, mai laifin kuma ya zo ya karɓi kaziye fara fat da tambarinta da sa hannu.

Baban_Ummi_Garwa: To Baba, wannan ai laifin masu aiki ne, ba na dokar ba. A gyara rajistar.

Hajiya_Gaundare: Ku bari in sa baki, don ku maza fashi da tare hanya kawai kuke gani. Na taɓa zama gidan haya da wata baiwar Allah, mijinta yana da doguwar bindigar farauta a rataye bayan ƙofa. Bai taɓa harba ta a gida ba, wannan gaskiya ne. Amma duk daren da suka yi faɗa, da safe zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko ta, ya ɗauko tsumma da ɗan kwalban mai, ya zauna yana gogewa a hankali, bakin bindigar yana kallon madafa inda take hura wuta. Ba ya cewa komai. Ita kuma hannunta na rawa har ashana ta ƙi kamawa. Ya taɓa karya mata hannu. Ina aka kai maganar? Wajen kawunta da limamin unguwa. Aka ce ta yi haƙuri saboda yara. Wannan mutumin in ya nemi kaziye yau, fara zai samu. Alhaji, matatarka ta kama shi?

Ummu_Hanif: Allah sarki. Hajiya wallahi irin wannan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Direba_a_Amurka: Salam daga nesa. Ni ɗan Gidar ne amma ina tuƙin babbar mota a nan Amurka, kuma wannan muhawarar kullum ita ce a rediyo. Abin da Alhaji ya faɗa shi ne ginshiƙin dokarsu. Tun 1968 dokar tarayya ta haramta riƙe bindiga ga wanda aka samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara 1 a kurkuku. A 1996 suka ƙara da wanda aka samu da laifin dukan iyali, ko da ƙaramin hukunci aka yi masa, wannan ya shafi maganar Hajiya. Dokar Brady ta 1993 ta kawo binciken mai saye, kuma daga 1998 mai shago yana tuntuɓar rumbun bayanan hukumar FBI kafin ya miƙa bindiga. Sau da yawa cikin 'yan mintuna amsa ke zuwa.

Amma ku ji inda gizo ke saƙar. A Nuwamba 2017 wani ya shiga coci a wani ƙaramin gari mai suna Sutherland Springs a jihar Texas ya kashe mutum 26. Tsohon sojan sama ne, kuma kotun soja ta riga ta ɗaure shi kan dukan matarsa da ɗanta. Bisa doka bai isa ya sayi ko harsashi ba. Sai dai rundunar sojan sama ba ta aika sunansa rumbun ba, ya shiga shago ya saya lafiya lau. Ƙasar da komai yake a kwamfuta ke nan. Ina karanta abin da Baba Magatakarda ya rubuta na ce ashe ɓeran nan har Amurka ya zo.

Dalibar_Doka_Dang: Yaya Direba, ƙari kaɗan. Binciken nan wajibi ne a kan masu shago masu lasisi. A jihohi da dama in mutum ya sayar wa mutum hannu da hannu, dokar tarayya ba ta tilasta bincike ba. Sannan in hukumar ba ta ba da amsa cikin kwana 3 na aiki ba, mai shago yana da damar sayarwa. Ta wannan ƙofar wanda ya kashe mutum 9 a cocin Charleston a 2015 ya samu tasa. Sai kuma wanda ya buɗe wuta a Las Vegas a Oktoba 2017, mutum 58 suka mutu a daren. Shi babu wani hukunci a tarihinsa da zai hana shi saye. Tarihin laifi yana kama wanda ya riga ya fara ne. Mai farawa yau ba ya ciki.

Baban_Ummi_Garwa: 'Yata, na ji. Amma waɗanda aka hana suka koma gida hannu rabbana fa? Su ba sa fitowa a labarai, shi ya sa ba ku lissafa su.

Dalibar_Doka_Dang: Wannan gaskiya ne Baba, ban musa ba. Kotun ƙolinsu ma a 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 cikin 9 sun yarda a karɓe bindiga daga wanda kotu ta ba da umarnin ya nisanci iyalinsa saboda barazana. Kuma wannan kotun ce da aka sani da kare 'yancin riƙe bindiga.

DanKusiri: Ku dawo gida don Allah, Amurka ta yi nisa. A Disamba 2021 da rikici ya tashi a Logon Birni tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum ya iso har cikin Kusiri, ni ina gari. Dubun-dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, mata da yara a kwale-kwale. Makaman da suka fito a kwanakin nan, wa ya ba da izininsu? Daga ƙarƙashin gado da cikin rumbu suka fito. Tun yaƙe-yaƙen Chadi na da makamai ke yawo a yankin nan, Libiya ta rushe a 2011 aka ƙara, ga Boko Haram, ga Afirka ta Tsakiya ta kudu, ga Sudan yanzu. Kana maganar takarda.

Kawu_Tuboro: Ni dai ban iya dogon rubutu ba amma wannan ta taɓa ni. Ɗan yayata yana kiwo a daji. Masu garkuwa suka zo da dare suka ɗauki yaronsa, sai da ya sayar da shanu masu yawa kafin aka sako shi. Bayan haka ya sayi harba-ka-ruga wajen maƙeri ya ajiye a bukka. Aka zo bincike aka same ta, aka ɗaure shi. Ya fito. Yanzu shi ne mai tarihin laifi. Waɗanda suka ɗauki yaron da bindigogin kalas, wato AK-47, a kafaɗa har yau ba wanda ya san sunansu, ballantana a rubuta. To a dokar Alhaji, shi ne ba zai ƙara riƙe bindiga ba har abada, su kuwa in sun aske gemu sun shigo gari takardarsu fara.

Baban_Ummi_Garwa: Kawu, Allah ya mayar da alheri. Amma ka duba abin da na rubuta a sama. Na ce fashi, sara, zubar da jini. Ban sa irin ɗan yayarka ba.

TsohonMagatakarda: Kai ba ka sa shi ba, amma masu rubuta doka a ko'ina laifin riƙe makami ba izini shi suke fara sawa. Ka kuma tuna wa ke zuwa gaban alƙali har a yanke masa hukunci. Mai hali yakan kashe maganarsa tun kafin ta yi nisa. Wanda ba shi da kowa shi ke isa har ƙarshe.

Abakar_Injamena: Gaisuwa daga wannan gefen kogin, wato Chadi. A wajenmu akwai abin da ya fi wannan: diyya. Mutum ya kashe mutum, dangi su zauna, manyan ƙabila su sa baki, a tara kuɗi ko raƙuma ko shanu a biya, a yi fatiha. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Ban ce diyya ba ta da amfani ba, ta sha hana ramuwar gayya da za ta ci rayuka da yawa. Amma mai kisan ya koma gida ba tabo a takarda. Sannan ga siyasa. A ƙarshen 2021, bayan rasuwar Idriss Deby, gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi afuwa ga 'yan tawaye da 'yan adawa kusan 300 don a samu zaman tattaunawa. Afuwa tana share hukunci. Wanda jiya aka kira ɗan tawaye gobe yana iya zama kanar. A irin wannan ƙasa, tarihin laifi ya danganta da wanda ke kan kujera ranar da aka rubuta.

A 2019 da aka sa dokar ta-ɓaci a yankunan Wadai da Sila na gabashin Chadi saboda rikicin manoma da makiyaya, sojoji gida-gida suka bi suna karɓar makamai. Ba su tambayi kowa kaziye ba.

Tela_Marwa: To ai mu ma a nan fadar lamido da wajen lawan da jauro magana nawa ake kashewa? Satar shanu, faɗan gona, wuƙa a kasuwa. Dogari ya fi kowane magatakarda sanin masu taurin kai a gari.

Malam_Mai_Allo: Bismillah. Ni inda na tsaya a maganar Alhaji shi ne “har ya koma ga Mahaliccinsa”. Ƙofar tuba a buɗe take. Ko wanda ya yi ƙazafi aka ce kada a karɓi shaidarsa, ayar da ke biye ta togace waɗanda suka tuba suka gyara. Yaro ɗan shekara 19 ya yi faɗa ya ji wa wani ciwo, ya yi zamansa ya fito, yau yana da shekara 50 da jikoki, gwaggon biri na cinye masa masara, a ce har yanzu shi ne yaron nan? Amma kada a fahimce ni a karkace. Shari'a ba ta wasa da makami. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Mutumin da Hajiya ta ba da labari, abin da yake yi da tabarmar nan haramun ne tsantsa, kuma limamin da ya ce ta yi haƙuri bai ce a fitar da bindigar daga gidan ba, ya rage aiki.

Dalibar_Doka_Dang: Allah ya gafarta Malam, Birtaniya ta bi tsakiya a kan wannan. A dokarsu ta 1968, wanda aka ɗaure shekara 3 ko fiye, haramcin na har abada ne. Wanda aka ɗaure daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3, shekara 5 zai jira bayan fitowa. Ko mai haramcin har abada yana iya zuwa kotu ya nemi a ɗage. Sai dai su ba su dogara da wannan kaɗai ba. 'Yan sanda ne ke ba da lasisi, suna zuwa gida su ga inda za a kulle ta, ana neman mutanen da za su tsaya wa mai nema, ana duba lafiyarsa. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a garin Dunblane na Scotland a 1996, wanda mai lasisi ne ya yi, suka hana ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya a 1997.

Mafarauci_Poli: Ku kuna ta Ingila, mu harsashin kalibar 12 ma ya fi ƙarfinmu. Kuma duk abin da ya faru mafarauci ake fara kallo. Giwayen gandun dajin Buba Njida da aka karkashe a 2012, ɗaruruwa, mu ne? Mutane ne suka zo a kan dawakai daga wajen ƙasa da bindigogin yaƙi.

SarkinZolaya: Mafarauci kawo mana kilishin gada mu tsaya maka shaida.

Mafarauci_Poli: Kai da ko zomo ba ka taɓa kamawa ba.

Matashi_237: Wai don Allah nawa ake sayar da ta maƙera yanzu, kuma a ina?

Mai_Kula_da_Zaure: Matashi_237, ba a wannan tambayar a nan. Na goge amsar da aka ba ka, wanda ya sake zan fitar da shi. A ci gaba da muhawara.

TsohonMagatakarda: Tunda Mafarauci ya tabo harsashi: a Afrilu 2018 ministan mulkin cikin gida na Kamaru Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a yankuna 6, har da Adamawa. Lura da abin da hukuma ta yi da abu ya yi zafi. Ba ta tsaya tace masu laifi ba, shagunan ta rufe wa kowa. Kamaru da Chadi kuma duk suna cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya, wadda ta yi maganar sa wa makamai alama da ajiye rajistarsu. Ni a ganina rajistar bindigogin ta fi rajistar mutanen gaggawa. In an tsinci kwanson harsashi a inda aka yi ɓarna, a iya cewa daga rumbun wa ya fito.

Bulama_Mora: Akwai wata tambayar da ba ku taɓo ba, mu ita ke hana mu barci. 'Yan sintirin ƙauyukanmu na bakin iyaka, wajen Kolofata da Amshide, da baka da adda da 'yan bindigogin gargajiya suke kwana a waje, kuma sun tare masu ƙunar baƙin wake da yawa, wasu sun rasa rayukansu a haka. Cikinsu akwai waɗanda a da ba a barin akuya kusa da su. Kowa ya sani. Amma su ne suka san hanyoyin daji, su ne ba sa tsoro. Ka cire su, wa zai tsaya? Ga kuma tubabbun Boko Haram da ke dawowa tun da aka kafa kwamitin kwance ɗamara a 2018. Da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A takarda sun fi ɗan yayar Kawu tsabta.

Hajiya_Gaundare: Shi ya sa nake cewa a tambayi mutane, ba takarda kaɗai ba. Kafin a ba namiji izini a kira matarsa gefe, ita kaɗai, mace ta tambaye ta. In sun rabu a nemi wadda ya saka.

DanKusiri: Hajiya, wace matar ce za ta ce kar a ba shi, alhali da yamma gidansa za ta koma?

Direba_a_Amurka: Kanada suna yin kusan haka. A takardar neman lasisi ana rubuta sunan mata ko miji, har da wanda aka rabu da shi kwanan nan, kuma hukuma tana iya tuntuɓarsu.

Tela_Marwa: In aka ce mai unguwa da lawan su ne za su yi shaida, to mun buɗe wata kasuwar. Wanda ya kai rago ya zama mutumin kirki. Wanda suka yi rigimar fili da ɗan lawan ya zama ɗan ta'adda.

Baban_Ummi_Garwa: Na karanta duka. Ni har yanzu ina kan bakata a kan masu fashi da masu kisa. Don matata tana da ƙofa ba a jefar da ita a sha ruwa da tsakuwa. Maganar Malam ta wa'adi ga ƙananan laifuka zan iya ɗauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda wasu suna samu ta bayan fage, to wanda muka san ya taɓa tare hanya mu miƙa masa da hannunmu da tambarin hukuma.

Abakar_Injamena: Ba wanda ya ce a miƙa masa, Alhaji. Cewa muka yi kada ka sa ran rabin fitina za ta tafi.

Baban_Ummi_Garwa: Ban ce rabi ba, na ce ƙwarai. Koma sama ka duba.

Ummu_Hanif: Ni tambayar Hajiya ce har yanzu ba a amsa min ba. Matar nan ta gidan haya, yau da safe, wa za ta je wa?

Dalibar_Doka_Dang: Anti, karya hannu laifi ne a dokar hukunta laifuka, ko miji ne ya yi. Tana iya zuwa asibiti ta karɓi takardar likita, ta kai ƙara wajen jandarma ko 'yan sanda ko kai tsaye wajen mai gabatar da ƙara, ta kuma faɗa musu akwai bindiga a gidan. Hukuma kuma tana iya janye izinin da ta bayar. Matsalar ita ce ranar da ta yi haka, danginta ne za su fara juya mata baya.

Mafarauci_Poli: Baba Magatakarda, tambaya. Bindigar da na gada wajen mahaifina, takardarta da sunansa take. Ya zan yi?

TsohonMagatakarda: Izini na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. Kada ka ɗauko ta ka hau babur da ita. Ka bar ta inda take, ka ɗauki takardar marigayin da shaidar rasuwarsa da katinka ka je ofishin su-firefe ka yi bayani, su za su faɗa maka abin da ake nema. Kuma kada ka yi gaggawar karɓo kaziye tun yanzu, wata 3 ɗin za su ƙare kafin sauran takardun su haɗu.